'YAR TSANA MAI BAKIN MAGANA

Cikin shekarar 1951 gidan rediyon BBC na Ingila ya fara watsa wasan waɗansu 'yan barkwanci huɗu, watau Spike Milligan da Peter Sellers da Harry Secombe da Michael Bentine. Ana ce da su Goons. Suka riƙa kwaikwayon muryar hafsoshi da manyan ma'aikata, mutane na dariya, har 1960.

To, abin da kunne ya ji a rediyo, ido ba ya yarda da shi in mutum ne ya tsaya yana yi. Saboda haka cikin 1963 aka sassaƙa 'yan tsana masu igiya da sanda, aka ɗora musu muryoyin Milligan da Sellers da Secombe, aka nuna a talabijin da sunan Telegoons, kashi 26, kowane na minti 15. Shi kuwa Bentine tun 1954 ya yi wa yara wasan 'yan tsana mai suna Bumblies. Daga baya Sellers da Milligan suka shiga shirin Muppet Show, wanda aka shirya a Ingila daga 1976 zuwa 1981.

Malamai, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon karatun malamai da zancen tuwo, ba wanda ke fushi. Da azumi kuma yara na fita tashe, su faɗa wa babba laifinsa, ya yi dariya har ya ba su kyauta. Asirin ɗaya ne: maganar da ta yi wa baki nauyi, wasa na iya ɗaukarta.

Muna da bukatar wannan a Sheme da sauran garuruwan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Tun da aka sace ɗalibai ɗaruruwa a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, tsoro ya zauna a zukatan yara da yawa. Yaron da ya kasa gaya wa malaminsa damuwarsa, sau da yawa yakan gaya wa 'yar tsana.

Ba sai an kashe kuɗi ba. Ƙaramar duma da tsumma da karan dawa sun isa. A rataya zane tsakanin kujeru biyu, malam ya ɓuya baya, ya bar 'yar tsana ta yi kuskuren lissafi, yara su gyara mata. Sai dai a kiyaye: kada a yi wasa da addini, kada a muzanta iyayen kowa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.