Japan: Mutanen da Aka Haramta wa Haihuwa

Ranar 3 ga watan Yuli na 2024, Kotun Ƙolin Japan ta yanke hukunci cewa dokar da ta halatta yi wa naƙasassu tiyatar hana haihuwa ta dindindin ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasar, ta kuma umarci gwamnati ta biya diyya.

An kafa dokar ce a 1948 da niyyar hana haihuwar waɗanda ta kira zuriya mara nagarta, ba a kuwa soke wannan sashe ba sai a 1996. A tsawon waɗannan shekaru an yi wa mutane kusan 25,000 aikin, kimanin 16,500 daga cikinsu ba da amincewarsu ba. Da yawansu masu naƙasar ƙwaƙwalwa ne, wato waɗanda fahimta da koyo ke yi musu wuya tun suna ƙanana. Wani rahoton majalisar dokoki na 2023 ya nuna har da yara 'yan shekara tara. A 1953 ma, hukumomin lafiya sun amince a ɗaure mutum, ko a yaudare shi, domin a yi masa tiyatar.

Tushen lamarin shi ne irin kallon da jama'a ke yi wa waɗannan bayin Allah. Wasu na ɗaukarsu tamkar yara har abada, marasa sha'awa balle buƙatar aure. Wasu kuma na ganin haihuwarsu nauyi ce a kan al'umma. Iyaye da dama sun sa hannu bisa tsoron kada a ci zarafin 'ya'yansu mata su yi ciki, alhali tiyatar ba ta hana cin zarafi, sai dai ta ɓoye alamarsa.

Shirun ya fara kawowa ƙarshe a 2018, lokacin da wata mata da aka yi wa aikin tana 'yar shekara 15 ta shigar da ƙara a birnin Sendai. Bayan hukuncin, Firayim Minista na lokacin, Fumio Kishida, ya nemi gafara, majalisa kuma ta amince da diyyar yen miliyan 15 ga kowane mutum.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 ta tabbatar wa naƙasassu 'yancin aure da haihuwa. Masu fafutuka a Japan na cewa abin da ya rage shi ne a koya wa masu wannan naƙasa sanin jikinsu, a tallafa musu wajen reno, a kuma riƙa tambayarsu abin da suke so.