Yabon Gwani Ya Zama Dole

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowace shekara ran bikin ba da kyaututtuka mukan tafa wa gwanin lissafi da gwanin ƙwallo. To, akwai waɗansu da ba a tafa musu, su ne ɗaliban manyan makarantu masu wayar da kan 'yan'uwansu game da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu mutanen Zawaciki ne, babanmu kuwa lebura ne a wani kamfani a Challawa. Da guminsa ya sa yayana a kwaleji. Ana nan sai Yaya ya daina cin abinci, ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane. Waɗansu suka ce iskoki ne, waɗansu suka ce sammu, waɗansu ma suka ce ƙwaya ya fara sha. Wani ɗan ajinsu ne ya zauna ya saurare shi, sa'an nan ya tako har gidanmu ya ce, "Baba, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani." Aka kai shi asibiti, aka haɗa da addu'a. Yau ga shi ya koma karatu.

Irin waɗannan ɗalibai ba likitoci ba ne, ba su ba da magani. Aikinsu uku ne: su lura da alamun ciwon, su saurari mutum su rufa masa asiri, su kuma nuna masa hanyar likita. A nan Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai kuma sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kada a raina aikin ɗalibi. Dokta Victor Ugo ya yi fama da ciwon damuwa yana ɗalibin likita, daga baya ya kafa ƙungiyar MANI a 2016 don taimakon matasa. A Ibadan kuma Gidauniyar Asido ta Dokta Jibril Abdulmalik tana da reshe na ɗaliban jami'a zalla. Gwamnati ma ta farka, domin a Janairun 2023 aka sanar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta shiga ɗakin kwanan ɗalibai da tsakar dare, aboki ne ke shiga.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu, duk ran 10 ga Oktoba, ranar da duniya ta keɓe wa lafiyar ƙwaƙwalwa tun 1992, su kira irin waɗannan ɗalibai gaban jama'a su ba su takardar yabo. Iyaye kuma, in yaro ya ce ransa a ɓace yake kullum, kada a ce masa rago, a saurare shi.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.