Kisumu: Birnin gaɓar Tafkin Victoria da ake zuwa domin cin karfasa

Birnin Kisumu yana cikin manyan biranen ƙasar Kenya, kuma shi ne babbar tashar jiragen ruwa da ƙasar take da ita a kan Tafkin Victoria. Yana yammacin ƙasar, a bakin wani lungu na tafkin da ake kira Winam, a tsakiyar yankin ƙabilar Luo. Baƙon da ya sauka a can, kafin a nuna masa gidan tarihi ko gandun dabbobi, abin da ake fara tambayarsa shi ne ko ya ci kifi.

Tafkin Victoria shi ne mafi girma a nahiyar Afirka, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 68,800. Ƙasashe uku ne suka raba shi, Tanzaniya da Yuganda suka kwashi kaso mafi tsoka, Kenya ta tsira da kusan kashi 6 cikin 100 kacal. Amma a kan wannan ɗan kason ne rayuwar Kisumu ta ginu. Layin dogon da Turawan Ingila suka shimfiɗa daga Mombasa ya iso bakin ruwan a watan Disamba na 1901, aka sa wa wurin suna Port Florence, sunan matar injiniyan da ya jagoranci shimfiɗa layin. Sunan bai daɗe ba aka koma wa na asali, wanda ya samo tushe daga kalmar Luo mai nufin wurin musayar kaya. A shekarar 2001, bayan shekara 100 cif da isowar jirgin ƙasa, gwamnati ta ba Kisumu matsayin birni.

Kifin da ya yi wa birnin suna shi ne karfasa, wadda mutanen Luo suke kira ngege. Yadda ake cinta a gidajen abinci na bakin ruwa yana da nasa tsari. Ba a kawo wa mutum takardar jerin abinci. Ana kai shi gaban tire ko tebur da aka jera kifaye, ya nuna wanda yake so, a faɗa masa kuɗi gwargwadon girmansa, a yi ciniki idan da hali. Daga nan sai a tambaye shi yadda yake son a sarrafa shi: a soya shi ƙayau a cikin mai a kawo a haka, ko kuwa bayan suyar a sake jefa shi cikin miyar tumatir da albasa. Masu son romo suna da zaɓi na uku, wato a dafa shi ba tare da suya ba. Ana kawo kifin sukutum da kansa da jelarsa, tare da ugali, wani tuwon farar masara da ya fi na ƙasar Hausa tauri, da ganyen sukuma wiki da aka yanka ƙanana aka ɗan soya, da kachumbari, haɗin ɗanyen tumatir da albasa da barkono. Da hannu ake ci, bayan an zo da ruwan ɗumi an zuba wa mutum ya wanke. Kan kifi kuwa ba abin yarwa ba ne a wurin mutanen Luo, sun ɗauke shi a matsayin ɓangare mai daraja, kuma wanda ya bar shi a faranti nan take za a gane baƙo ne.

Akwai wasu kifaye biyu da suka kamata a sani. Na farko shi ne omena, ƙananan kifaye masu ƙyalli da tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, waɗanda masunta suke kamawa da dare ta hanyar kunna fitilu a kan ruwa, mata su shanya su a rana. Shi ne abincin talaka, kuma shi ne ake niƙawa a yi abincin kaji da na kifi. Na biyu shi ne mbuta, wanda masuntan Tafkin Chadi da na kogin Neja suka sani da sunan giwan ruwa.

Labarin giwan ruwa a wannan tafki yana da ɗaci. Ba ɗan asalin Victoria ba ne, an shigo da shi ne a shekarun 1950, zamanin mulkin mallaka, da nufin bunƙasa sana'ar su. Ya yi shekaru bai nuna kansa sosai ba, sai a shekarun 1980 ya yaɗu ya mamaye tafkin, yana cinye ƙananan kifayen da ya tarar. Masana sun kiyasta cewa nau'o'in kifi kusan 200 da babu irinsu a ko'ina a duniya sun ɓace ko sun kusa ɓacewa a wannan lokaci. Ta wani gefen kuma ya kawo kuɗi, domin an kafa masana'antu da suke yanke tsokarsa su sanya a ƙanƙara su tura Turai. Abin da yake saura, wato kai da ƙashin baya da ɗan naman da ya maƙale, shi ake sayar wa mata su soya su sayar a unguwannin marasa ƙarfi irin su Obunga. Sunansa a can mgongo wazi, ma'ana buɗaɗɗen baya. Wato dai tsoka ta tafi ƙetare, ƙashi ya tsaya a gida.

Ita ma karfasar ba ta tsira ba. Yawan masunta, da amfani da raga mai ƙananan idanu da take kwashe har 'ya'yan kifi, da gurɓatar ruwa daga magudanan birni da gonaki, duk sun rage abin da ake kamawa. Ga kuma wata ciyawar ruwa 'yar asalin Kudancin Amurka, mai kama da kainuwa, wadda tun shekarun 1990 take rufe lungun Winam lokaci zuwa lokaci har kwale-kwale ya kasa fita. Sakamakon haka, a shekarun baya-bayan nan an wayi gari ana sayar da daskararriyar karfasa da aka shigo da ita daga ƙasar Sin a kasuwannin Kisumu, a farashin da ya gaza na kifin tafkin, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce a faɗin Kenya. A yau wani kaso mai yawa na kifin da ake ci a birnin daga kejin kiwo da aka kafa a cikin tafkin yake fitowa. Saboda haka ba abin kunya ba ne mai saye ya tambayi inda kifi ya fito, ya kuma duba idonsa da jan da yake ƙarƙashin kunnensa kafin ya biya.

Shekaru da dama wurin da aka fi sani da cin kifi shi ne Lwang'ni, jerin rumfunan kwano a bakin ruwa kusa da tsakiyar gari. Kalmar tana nufin ƙuda a harshen Luo, amma hakan bai hana manyan ma'aikata da 'yan siyasa yin layi a wurin ba. A shekarar 2019 hukumomi sun rushe rumfunan domin aikin farfaɗo da tashar jiragen ruwa, wadda ta yi shekaru kusan a mace. Tashar ta dawo aiki, jirgin dakon kaya MV Uhuru ya koma jigila zuwa Yuganda, sai dai masu sayar da abinci da yawa, galibinsu mata, sun rasa wurin sana'a, suka watsu cikin gari. Tun daga nan harkar ta fi karkata zuwa Dunga, wani ƙauyen masunta da yake 'yan kilomitoci kudu da tsakiyar birnin.

Dunga wuri ne da ya fi kyau a je da sassafe, lokacin da kwale-kwale suke dawowa, mata masu sari suna tarbarsu da robobi tun kafin su gama tsayawa. A gefensa akwai fadama mai dogayen ciyayi da aka yi wa gadar katako domin masu kallon tsuntsaye. Daga nan ake ɗaukar hayar kwale-kwale mai inji a zaga a ga dorina. Abu biyu ne ya kamata a kiyaye: kada a shiga jirgin da ba shi da rigar kariya daga nutsewa, kuma kada a yi wanka a bakin tafkin, domin ruwan yana ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, ban da haɗarin dorina da kada. Yankin kuma na zazzaɓin cizon sauro ne. A kan hanyar komawa gari akwai Hippo Point, inda jama'a suke taruwa da yamma kallon faɗuwar rana a kan ruwa. Duk da sunansa, ba kullum ake dacewa da ganin dorina a wurin ba.

Kusa da nan akwai gandun Impala, wanda hukumar kula da namun daji ta Kenya take gudanarwa. Ƙarami ne, ana zagaya shi da ƙafa, barewa da jakunan dawa suna kiwo a sake, zakuna da damisa kuma suna cikin keji. Wanda ya taɓa zuwa manyan gandun daji ba zai ga abin mamaki ba, amma ya dace da iyali masu yara. Gidan tarihin Kisumu, da aka buɗe a 1980, ya fi shi amfani ga mai son fahimtar mutanen yankin, saboda a harabarsa an gina cikakken gidan gargajiya na Luo, da ɗakin maigida da na kowace mata bisa tsarin girma, da rumbuna da turken shanu. Akwai kuma sashen kifayen tafkin da na macizai.

A cikin gari, titin Oginga Odinga shi ne zuciyar kasuwanci, inda tsofaffin shagunan Indiyawa suke tuna wa mutum da zamanin gina layin dogo. Tasirinsu yana nan a abinci, domin chapati da samosa da shinkafar pilau sun zama na kowa. Musulmi matafiyi zai sami Masallacin Jamia a tsakiyar birnin, da gidajen abincin halal a kewayensa. Kasuwar Kibuye, wadda take cika maƙil ranar Lahadi, tana cikin manyan kasuwannin yammacin Kenya. Zirga-zirga ba ta da wuya: akwai 'yan acaba da ake kira boda-boda, da tuk-tuk mai ƙafa uku irin adaidaita sahu, kuma hatta mai soya kifi a rumfa tana karɓar kuɗi ta waya ta tsarin M-Pesa.

Mai kwana biyu ko uku zai iya fita wajen gari zuwa Kit Mikayi, wasu manyan duwatsu da suka hau kan juna, kimanin kilomita 30 yamma da Kisumu. Sunan yana nufin dutsen uwargida. Mutanen yankin suna ɗaukar wurin da tsarki, mabiya cocin Legio Maria suna zuwa su kwana suna addu'a a cikin kogonsa, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sanya al'adun da suke tattare da shi cikin jerin waɗanda suke buƙatar kariya ta gaggawa. Ta arewa maso yamma kuma, a garin Maseno, akwai alamar da take nuna inda layin da ya raba duniya gida biyu ya ratsa. Daga Nairobi ana isa Kisumu da jirgin sama cikin ƙasa da awa ɗaya, da mota kuma tafiyar kusan kilomita 350 ce ta hanyar Nakuru.