Gansakukar Murjani: Abin da ESP32 Zai Iya Yi wa Tankin Ruwan Gishiri a Zuru

Idan kana kallon bidiyon tankunan kifin teku a YouTube ko TikTok, ka lura da launin hoda da shanshanbale da ke lulluɓe duwatsun ciki. Ba fenti ba ne. Gansakuka ce mai rai, daga dangin jajayen gansakukan teku, wadda ke tara sinadarin kalsiyam a jikinta har ta taurare. A teku, irin gaɓar Bahar Maliya da ke Jidda, ita ce simintin da ke haɗe duwatsun murjani, kuma a kanta 'ya'yan murjani da yawa ke sauka su kafu. A cikin tanki kuwa, fitowarta alama ce cewa ruwanka ya zauna daidai.

To, mutumin Zuru da ya saba da tarwaɗa da karfasa, ga teku can nesa da ɗaruruwan kilomita, zai iya? Zai iya, amma sai ya san inda wahalar take.

Da farko, gansakukar ba ta fitowa da kanta. Sai ka samo iri: ɗan dutse daga tsohon tankin wani, ko ɓawon dodon koɗi mai ɗigon hoda, ka kankare shi cikin ruwan. Gishirin girki kuma ba ya aiki, domin babu kalsiyam da maganisiyam ɗin da ake buƙata a cikinsa. Sai gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku. Ruwan rijiya da na burtsatse ma akwai haɗari, saboda suna iya ɗauke da fosfet, shi kuwa fosfet yana hana gansakukar taurara, ya ba koren gansakuka damar mamaye komai. Matatar RO/DI ce mafita, ka riƙa duba ruwan da mitar TDS har ta nuna 0.

Lambobin da masu wannan harka ke bi su ne: gishiri 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni, kalsiyam 400 zuwa 450 ppm, maganisiyam kusan 1300 ppm, alkaliniti 8 zuwa 11 dKH, pH 8.1 zuwa 8.3, zafi kuma digiri 24 zuwa 26.

Wannan lamba ta ƙarshe ita ce babbar matsalarmu. A bazara, Maris da Afrilu, zafin garinmu yakan kusanci digiri 40, kuma ƙaramin tanki yana bin zafin ɗaki cikin 'yan sa'o'i. Injin sanyaya ruwa yana shan wuta sosai, sai mai sola da batir masu ƙarfi. Dabara mafi sauƙi ita ce ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa. A busasshiyar iska tana rage 'yan digiri. Sai dai tana da kuɗin fansa: ruwa yana tafiya a tururi, gishiri kuwa yana nan, don haka kaurinsa yana hawa kullum. A hunturu ma haka abin yake ko babu fanka. Abin da za ka ƙara shi ne tataccen ruwa zalla, ba ruwan gishiri ba.

A nan ne ɗan allon ESP32 yake biyan kuɗinsa. Haɗa masa sensar zafi ta DS18B20, irin mai rufin da ruwa ba ya shiga, da makunni mai yawo a saman ruwa, da rile guda biyu. Lambar da za ka rubuta gajera ce: idan zafi ya haura 26 a kunna fanka, idan ruwa ya sauka a kunna ƙaramin famfo ya cike, idan abu ya wuce gona da iri a turo saƙo wayarka ta Telegram. Ka tabbata ka sa wa famfon iyakar daƙiƙu, domin ranar da makunnin ya maƙale, zai yi ta zuba ruwa har ya tsinka gishirin ya kashe komai. Famfon da ke motsa ruwa shi ne farkon abin da ya kamata ya hau kan inbata. Tanki yana jure rashin fitila na kwana ɗaya, amma ba ya jure tsayawar ruwa.

A ganina, sensar pH mai araha tana yaudarar sabon shiga. Tana kaucewa a hankali, sai an riƙa daidaita ta da ruwan gwaji na 7 da na 10. Kalsiyam da alkaliniti kuwa babu wata sensa mai sauƙin kuɗi da za ta auna maka su. Sai kayan gwaji irin na Salifert ko Hanna, sau ɗaya a mako, ka rubuta sakamakon a Google Sheets ka ga inda layin ya dosa.

Fitila ba sai mai tsada ba. LED mai rinjayen shuɗi, matsakaicin haske, awa takwas zuwa goma a rana ta wadatar. Kada ka sa ran ganin komai a makon farko. Sai bayan makonni da dama, wani lokaci watanni, za ka fara hango ƙananan ɗigo-ɗigo, kuma galibi a jikin robar famfo ko kusurwar gilashi suke fara bayyana kafin su hau dutse.