'Yar Kanti Da Ta Zama Minista

 Yau labarin wata Baturiya na kawo muku, sunanta Margaret Bondfield. Dalilin da ya sa na zaɓe ta kuwa, wata yarinya ce da na koyar ta zo mini da kuka, wai an cire ta daga makaranta, saboda haka karatunta ya ƙare ke nan. To, ga labarin wadda ita ma ta bar makaranta da wuri.

An haifi Margaret cikin 1873 kusa da wani gari da a ke kira Chard, a ƙasar Ingila. Su goma sha ɗaya ne wurin iyayensu, ita ce ta goma. Ubanta ma'aikacin masaƙa ne, ba shi da wata dukiya. Tana da shekara 13 aka sa ta koyar da ƙananan yara a makarantar garinsu. Da ta kai 14 sai ta bar gida, ta tafi bakin teku wajen Brighton, ta shiga koyon aikin kantin tufafi.

A zamanin nan 'yan kanti ba su kwana gidajensu. Mai kanti shi ke ba su ɗakin kwana da abinci, ya kuwa lissafa wannan cikin albashinsu. Su kan yi aiki fiye da awa 60 a mako, yawanci a tsaye. Wanda ya yi ɗan kuskure a ci shi tara. Wanda ya yi gunaguni a kore shi, ya rasa aiki da wurin kwana rana ɗaya. Cikin wannan hali wata mata mai suna Louisa Martindale ta riƙa kiran Margaret gidanta, tana ba ta aron littattafai. Yarinyar nan ta yi ta karatu bayan an tashi aiki.

Cikin 1894 ta koma London, ta tarar wahalar duk ɗaya ce. Nan ta shiga ƙungiyar 'yan kanti. Ƙungiyar ma'aikata, watau masu sana'a iri ɗaya su haɗa kai, kowa ya riƙa ba da ɗan kuɗi, su zaɓi waɗanda za su yi magana da masu gida a madadinsu. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Cikin 1896 wata ƙungiyar mata ta roƙe ta ta binciko yadda 'yan kanti ke zaune. Ta yi shekara biyu tana kama aiki daga wannan kanti zuwa wancan, ba wanda ya san abin da ya kawo ta. Da dare, in sauran sun yi barci, sai ta rubuta abin da ta gani. Ku lura da wannan. Dubban 'yan mata sun sha wahalar nan tare da ita, amma ita ce ta sa ta a takarda, takarda kuwa ta kan isa inda kuka ba ya isa. Aka buga labarin cikin 1898, shekarar nan kuma aka naɗa ta mataimakiyar magatakardan ƙungiyarsu. Cikin 1899 ta je babban taron ƙungiyoyin ma'aikatan ƙasar, ita kaɗai ce mace cikin wakilai.

Sa'ad da matan Ingila ke neman a ba su ikon jefa ƙuri'a, waɗansu sun yarda a fara da mata masu dukiya. Margaret ba ta yarda ba. Ita so ta ke a ba kowane baligi, mace da namiji, mai shi da maras shi. Wannan ya jawo mata baƙin jini wurin waɗansu mata 'yan'uwanta, amma abin da ta nema shi aka yi cikin 1928.

Cikin 1923 mutanen Northampton suka zaɓe ta wakiliyarsu a Majalisa, a ƙarƙashin jam'iyyar Leba. Shekara ba ta cika ba ta faɗi zaɓe, amma cikin 1926 ta sake shiga daga Wallsend. Cikin 1929 Firayim Minista Ramsay MacDonald ya ba ta Ministar Ƙwadago. Ita ce mace ta fari da ta zauna cikin majalisar ministocin ƙasar.

Ba zan ɓoye muku sauran labarin ba, ko da ya ke ba daɗi. Ta hau kujera ke nan ciniki ya lalace a duniya, masana'antu suka yi ta rufewa, marasa aikin yi a ƙasar suka wuce miliyan biyu. Asusun da a ke biyansu ɗan abin masarufi daga ciki ya shiga bashi. Cikin 1931 Margaret ta kawo doka wadda ta tsananta sharuɗɗan biyan, waɗanda abin ya fi shafa kuwa matan aure ne masu aiki. Da yawa aka hana su. Mutanenta na dā suka ga ta juya musu baya. A zaɓen shekarar nan ta faɗi, ta sake gwadawa cikin 1935 ba ta ci ba. Ta koma aikin ƙungiya da na taimakon mata, har ta rasu cikin 1953 tana da shekara 80.

Ni dai a ganina dokar nan kuskure ce, kuma waɗanda suka ƙi ta da ƙuri'arsu suna da hujja. Wanda talakawa suka ɗaga, su ne za su fara tambayarsa. Amma kuskuren tsufanta bai shafe abin da ta yi wa 'yan kanti da ƙuruciyarta ba.

Ke kuma yarinyata mai kuka, da ku iyayen gida da kuka iya karatu, ku dubi inda Margaret ta faro: littafin aro da rubutun dare. Ki nemi mai ba ki aro. Ki sami ɗan littafin rubutu, ki riƙa sa abin da ki ka gani da idonki, da kwanan wata, ko kuɗin cefane ne, ko awon hatsi a kasuwa. Wadda kuma ke da littattafai jibge cikin akwati, ta tuna da Louisa Martindale, ta kira 'yar maƙwabta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.