Sifofin Fuskar Yanka a Manhajar Nazarin Gini: Matsalar Kalma da Ma'ana

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda injiniya yake bayyana wa kwamfuta sifofin bim ko ginshiƙi, da irin kalmomin da Hausa take bukata domin koyar da hakan. An ɗauki misali daga OpenSees, manhajar da aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakile, Amurka, don nazarin tasirin girgizar ƙasa a kan gine-gine.

2.0 Abin da Manhaja Take Nema

Idan aka datse bim a tsakiya, fuskar da ta bayyana ita ce fuskar yanka. Manhaja ba ta ganin wannan fuska, lambobi kawai take karɓa. A zane mai tsawo da faɗi, uku ne wajibi: E, da A, da I.

E tana auna taurin abin da aka yi bim da shi. Ta ƙarfe kusan gigafaskal 200 ce, ta kankare kuwa wajen 30. A ita ce girman filin fuskar. I ce mai wuyar fassara, domin tana nuna yadda siffar fuskar take hana lanƙwasa. A fuska mai kusurwa huɗu, ana ninka tsayi da kansa har sau uku, a ninka da faɗi, a raba da 12. Saboda haka bim mai milimita 230 da 450 idan aka tsayar da shi ya fi na kwance ƙin lanƙwasa kusan ninki huɗu, alhali A ba ta sauya ba. Kafinta ma ya san wannan, shi ya sa yake kafa katakon rufi a kan gefensa.

3.0 Matsalar Kalma

Kalmar "ƙarfi" ba za ta ɗauki E da I a lokaci guda ba: ɗaya sifar abu ce, ɗaya kuma sifar siffa. Ya fi dacewa a ce "ma'aunin tauri" da "ma'aunin ƙin lanƙwasa".

Haka nan fassara wannan nau'in fuska da "mai talewa kamar roba" ɓata ma'ana ne. Abin nufi shi ne dokar Robert Hooke ta 1678: lanƙwasa tana ƙaruwa daidai da nauyi, kuma abu yana komawa yadda yake in an sauke nauyin. "Fuska mai komawa asali" ta fi kusa. Ɗalibin da bai fahimci haka ba zai ɗauka manhaja za ta gargaɗe shi in kankare ya tsage, alhali irin wannan fuska ba ta san tsagewa ba, ko da an ɗora mata nauyin da zai rushe ginin.