Koyad da Ingilishi ga 'Ya'yan Baƙi da 'Yan Gudun Hijira a Makarantun Midil na Amurka

Abin da a ke kira makarantar midil a Amurka yawanci aji uku ne, watau na 6 da na 7 da na 8, kuma yaran da ke cikinsu 'yan shekara 11 ne zuwa 14. Al'adar ƙasar ita ce a sa yaro a ajin da ya dace da shekarunsa, ko da karatunsa bai kai ba. Saboda haka yaron da ya sauka daga jirgi a makon jiya, bai san ko gaisuwa da Ingilishi ba, sai ya tarad da kansa a aji ɗaya da 'yan ƙasa waɗanda su ka yi shekara shida ko bakwai suna karatu da harshen.

Shari'a ta daɗe da yanke magana a kan hakkin irin wannan yaro. A 1974 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yi hukunci a ƙarar da a ke kira Lau da Nichols, wadda aka shigar a madadin 'ya'yan Sinawa wajen 1,800 na birnin San Faransisko. Kotun ta ce ba adalci ba ne a ba yaro littafi da malami irin na kowa alhali ba ya jin harshen da a ke koyarwa da shi. A 1982 kuma, a ƙarar Plyler da Doe, ta hana jiha ta rufe ƙofar makaranta ga yaro don iyayensa ba su da takardun zama. Amma fa kotu ba ta faɗi hanyar da za a bi a koyar ba. Wannan ta bar wa malamai da masana harshe.

Babban abin da ke ruɗin malamai shi ne saurin bakin yaro. Kafin shekara biyu sai a ji shi yana hira da abokansa a filin wasa, yana gardama, har yana ba'a, ba a cika rarrabe shi da ɗan ƙasa ba. Malami ya ɗauka aiki ya ƙare, a fid da shi daga ajin taimako. Jarrabawa ta zo, yaro ya faɗi. Daga nan sai a fara cewa malalaci ne, ko kuwa ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, har wani lokaci a tura shi ajin masu naƙasa, shi kuwa lafiyarsa lau.

Jim Cummins, wani masani da ya yi aiki a Kanada, shi ya fito da dalilin wannan a fili tun 1979. Ya raba gwanintar harshe gida biyu: akwai harshen hira, akwai harshen karatu. Da ya duba sakamakon 'ya'yan baƙi a makarantun birnin Toronto, sai ya ga na farkon yakan samu cikin kamar shekara biyu, na biyun kuwa yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Dalilin ba boyayye ba ne. Mai hira yana da mataimaka da yawa: fuskar abokin magana, da nunin hannu, da abin da ke gabansu duka biyu, in kuma bai gane ba sai ya ce a maimaita. Shafin littafi ba ya nuni, ba ya maimaitawa. Jimlolinsa dogaye ne, sau da yawa ba a ambaton wanda ya yi aikin, kuma kalmominsa mafi nauyi daga Latin da Girkanci su ka fito, ba su ne na kasuwa ba. Har kalmar da yaro ya ke tsammanin ya sani takan juya masa baya: "table" da ya sani teburi ce, amma a darasin lissafi jadawali ce. Daɗin daɗawa, 'yan ƙasa ba tsayawa su ke yi su jira shi ba. Kowace shekara suna ƙara kalmomi, sai ya zama dole ya yi gudun da ya fi nasu kafin ya cim musu.

Nan ne matsayin ɗan midil ya fi na kowa tsanani. A 1987 Virginia Collier ta buga wani bincike a kan 'ya'yan baƙi fiye da 1,500 a Amurka. Ta tarad da cewa waɗanda su ka iso suna da shekara 8 zuwa 11 su su ka fi saurin kamo 'yan ƙasa, sun ma fi ƙanana 'yan 5 zuwa 7, domin sun zo da karatun harshensu a hannu. Waɗanda su ka iso suna 12 zuwa 15 su su ka fi shan wuya, ta kuma kimanta za su bukaci shekara shida zuwa takwas. In an yi lissafi, yaron da ya zo yana ɗan 13 lokacin makarantarsa zai ƙare kafin harshen ya ishe shi. Saboda haka ba shi yiwuwa a ajiye lissafi da kimiyya a ce sai ya iya Ingilishi tukuna; tilas a koyad da su tare, malamin kimiyya shi ma ya zama malamin harshe.

Sa'an nan kuma kalmar "baƙi" tana ɓoye bambanci mai girma. Yaron da ya yi firamare a Meksiko ya riga ya san baƙaƙen boko, kuma kalmomin Latin da ke wahalad da wasu suna da 'yan'uwa a Sifaniyanci. Kuskurensa na lafazi ne, kamar sa wasali a gaban "school", kuma wannan mai sauƙin gyara ne. Ɗan ƙabilar Hmong daga Laos, in ya iya rubutun boko na harshensa, ya saba baƙin da ke ƙarshen gaɓa alamar karin sauti ce, ba a furta shi, sai ya riƙa haɗiye ƙarshen kalmomin Ingilishi, nan kuwa a ke sa alamar jam'i da ta shuɗaɗɗen lokaci. Basomale ba shi da sautin "p" a harshensa.

Duk waɗannan ƙanana ne in an gwada su da halin yaron da bai taɓa zama a aji ba sosai. Daga 2003 Amurka ta fara karɓar Bantu na Somaliya, wajen mutum 12,000, ta hanyar sansanin Kakuma na ƙasar Kenya. Da yawa daga cikinsu harshen Maay su ke yi, wanda ya sha bamban da daidaitaccen Somaliyanci, har wasu makarantu su ka ɗauko tafinta Basomale, magana ta ƙi tafiya. Irin wannan yaro abu biyu ya ke koyo a lokaci guda: sabon harshe, da kuma ainihin sanin cewa zane a takarda yana tsayawa a madadin sauti. Ga shi kuwa Ingilishi mugun harshe ne ga mai fara karatu, baƙaƙe 26 su ke ɗauke da sautuka wajen 44. Littattafan fara karatu kuma don 'yan shekara shida aka yi su, saurayi ɗan 14 kuwa kunya ba ta barinsa ya riƙe su a gaban tsaransa. Malaman da su ka ƙware sukan sa yaro ya faɗi labarinsa da baki, su rubuta, ya koyi karatu daga maganarsa.

A kan ko za a yi amfani da harshen gida, siyasa ta sha shiga. A 1998 masu zaɓe a Kalifoniya su ka amince da dokar da ta taƙaita koyarwa da harshe biyu, ta ce a ba baƙo kamar shekara guda ta Ingilishi zalla. A 2016 su ka soke yawancinta. Shekara guda ba ta isa ga harshen karatu ba, abin da binciken da aka ambata ya nuna ke nan.

Malaman Arewacin Nijeriya ba baƙin wannan zance ba ne. A zamanin Turawa yaro yakan yi elementare da Hausa, ya iya karatu da rubutu da lissafi, sa'an nan a Midil a juya shi zuwa Ingilishi. Bambancin shi ne duk 'yan ajinsa tare su ka fara, malaminsa kuma sau da yawa yana jin Hausa. Ɗan gudun hijira a Minesota kuwa mai yiwuwa ne shi kaɗai ke jin harshensa a dukan ajin.